Bazarar Mudir a Ras Al Khor

A bakin tashar motar Al Sabkha mai tasi ya ajiye ni, ranar wata Juma'a a ƙarshen shekarar 2017, da jaka ɗaya a kafaɗa da lambar mutumin da ya ce zai tarbe ni. Na kira, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake kira, aka ce a kashe take. Daga ranar har yau ban ƙara jin muryar dillalin nan ba, shi da ya zauna a shagon yayana yana rantse-rantse cewa aikin ofis ne, zama kawai zan yi cikin sanyi ina duba lambobin kayan mota a kwamfuta.

Sunana Hafizu. A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano na tashi, cikin injuna da giyabos da baƙin mai, har ta kai ko murfin inji ka nuna mini zan gaya maka motar da aka ciro shi. Da wannan ɗan sanin na taho Dubai, ina ganin ya isa ya riƙe ni.

Na tsaya a wurin har la'asar, masu turin kaya suna ta bangaje ni da kwalaye, kowa yana "yalla, yalla," babu mai kallon fuskar wani. Da ƙafafuna suka gaji na shiga wani masallaci. Bayan an idar ina zaune na rasa abin yi, sai na ji wani a bayana yana waya da Hausa, amma wata irin Hausa da ba ta raba mace da namiji.

"Ka gaya wa Mariyama ya daina kuka," in ji shi. "Babansa yana lafiya."

Na juya. Dattijo ne gajere, kakkaura, gemunsa ya fara fari, hannayensa duk tabon ƙarfe. Sunansa Baba Mumuni, mutumin Zangon Kumasi ne a Gana, Mariyama kuma autarsa ce. Ya saurari labarina bai katse ni ba, sannan ya girgiza kai.

"Bakano, an cuce ka. Ba kai ne farko ba. Ka ci abinci?"

Shi ya saya mini shinkafa a shagon wasu 'yan Indiya, shi ya kai ni wani ɗaki a saman shagunan Sabkha inda ya san mai kula da wurin.

Ba na son tuna ɗakin nan. Gadaje ne na ƙarfe hawa-hawa har kusa da silin, kowanne da labulen tsohon zani. Ba ɗaki ake haya ba, gado ake haya, gadon ma na mutum biyu: mai aikin dare ya tashi, mai aikin rana ya kwanta. Sai in zo in tarar da matashi da danshin gumin wani. Kuɗin cizo sun ƙoshi har ba sa gudu. A ƙarƙashin gadaje tukwane ne da takalma da busasshen kifi. Banɗaki ɗaya, ƙofarsa ba ta rufuwa, ruwansa yana malalowa har bakin inda muke shimfiɗa darduma. Ka sauko ƙasa kuma ka ga shagunan gwal da na turare suna ta walƙiya, manyan mata daga gida suna ciniki suna dariya. Innata takan kira ta ce, "Hafizu, ya ofis?" In ce mata ana kan hanya.

Bizar ziyarar da na shigo da ita ta kusa mutuwa, sai ga Baba Mumuni ya zo ya ce ana neman wanda ya san inji a inda yake aiki. Muka hau bas zuwa Ras Al Khor. Kafin a shiga unguwar gareji-gareji da sito-sito, na hango wata fadama an killace ta, cike da wasu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu, launin ruwan hoda. Baba ya ce har masu gadi gare su, kuma ba a yarda kowa ya yi musu hayaniya ba. Na ce a raina, garin da ake tausayin tsuntsu haka, ai ɗan Adam ya huta.

Wurin aikin wani ƙaton sito ne, bango da rufi duk kwano. Ana kawo motocin da aka yanka rabi daga Japan, mu kwance su, mu tsiyaye mai, mu wanke injuna, a loda a kwantena zuwa Legas da Tema da Kwatano. Kamfanin na wani Balarabe ne da ban taɓa sa shi a ido ba. Wanda yake riƙe da komai namu ne, Bakano ɗan'uwana, Alhaji Mansur, amma a wurin aiki ba ya amsa wannan sunan. Mudir ake ce masa, wato manaja. Kullum cikin farar doguwar riga irin ta Larabawa, carbi a hannu, ƙamshin turare yana riga shi isowa. Ofishinsa ɗan ɗakin gilashi ne a kusurwar siton, an shimfiɗa masa kafet mai laushi, esi yana ta aiki har gilashin yana raɓa.

"Ɗan wace unguwa ne?" ya tambaye ni.

"Kurna, ranka ya daɗe."

"Allahu akbar! Habibi, ai gida ka zo. Kawo fasfon in ajiye maka, ɓarayi sun yi yawa a masauki."

Na miƙa masa da hannu biyu, har ina godiya. Da na ɗaga kai na dubi rufin kwanon nan, na tambaye shi yadda ake yi idan zafi ya zo.

"Ka ga waɗancan?" Ya nuna wasu manyan na'urorin sanyaya iska masu shan ruwa, an lulluɓe su da leda a ƙuryar sito. "Ranar da bazara ta shiga za a kunna su. Kuma a sauya lokacin aiki. Ku fara da asuba, ku tashi kafin azahar, sai bayan la'asar ku dawo. Ni ba na wasa da haƙƙin ma'aikaci."

Bazara muke ce wa lokacin zafin Dubai, mu Hausawan can, don ba mu da wata kalmar da ta fi kusa. Larabawa su ce saif.

Watannin sanyi sun wuce lafiya. Na koma masaukin ma'aikata, gadona kusa da na Baba. Abokan aikinmu yawanci 'yan Bangaladash ne da 'yan Pakistan, muna magana da guntun Larabci da hannu. Ni ina wajen kwance injuna, Baba kuwa aikinsa cikin kwantena yake, shi ne mai jera kaya ta yadda ko teku ta yi hauka babu abin da zai motsa. Da rana mukan zauna a kan tsohuwar taya ya buɗe kwanonsa, shinkafa da wake irin ta Zango, da wani baƙin yaji da yake kira shito. Bai taɓa ci bai turo mini kwanon ba.

Tun watan Afrilu kwano ya fara magana. Zuwa Mayu sifana ma sai ka naɗe ta da tsumma kafin ka ɗauka. Gumi ya gangara ya taru a takalmi, kana tafiya kana jin sa yana cakal-cakal. Warin tsohon mai da fetur ya dahu ya cika siton, ya zauna a maƙogwaro, ko ka tofar ba ya fita. Ana cikin haka azumi ya kama, a tsakiyar Mayu. Muka aika a tuna wa Mudir alkawarinsa, ya aiko da cewa bazara ba ta shiga ba tukuna.

Da watan Yuni ya kama, wani direban tirela ɗan Pakistan da muke kira Lala ya shigo yana murna, ya ce ya ji a rediyo masana yanayi sun ce an shiga saif. Ma'aikata suka tura ni, tunda yarenmu ɗaya da Mudir. Na ƙwanƙwasa gilashin, ya yafito ni, amma ya ce in tsaya daga bakin ƙofa saboda takalmina.

"Ranka ya daɗe, masana yanayi sun ce bazara ta shiga tun ɗaya ga wata."

Ya yi murmushi, ya latsa wayarsa, ya juyo mini da ita. Hoton rana ne da duniya, da rubutu a ƙasa.

"Karanta. Ashirin da ɗaya ga Yuni. Wancan lissafin 'yan rediyo ne, mutum ya zauna ya ƙaga. Ni da lissafin falaki nake aiki, na tafiyar rana, wanda Ubangiji ya tsara da kansa. Ko kana so ka yi jayayya da tsarin Allah, da azumi a bakinka?"

Sanyin ɗakin yana dukan ƙirjina, zafin siton yana dukan bayana. Ban san wane ne mai gaskiya tsakanin rediyon da wayar ba. Na ja masa ƙofar na koma.

A cikin goman ƙarshe na azumi wata mata ta zo da motarta neman kwamfuresar esi. Ta ji ina yi wa Baba magana, sai ta yi mana sallama da Hausar Zariya tsantsa. Hajiya Ruƙayya sunanta. Ina gwada mata kwamfuresar muna 'yar hira, na tambaye ta aikin da take yi. Ta ce hasashen yanayi take yi wa wani kamfanin jiragen sama, ita ce mai gaya wa matuƙa inda iska da hazo suke. Na ajiye sifana.

"Hajiya, don Allah ki raba mini gardama. Yaushe bazara take shiga? Wasu sun ce ɗaya ga Yuni, wasu sun ce ashirin da ɗaya."

Ta yi dariya. "Duka biyun daidai ne. Miƙo mini fitilar motar can."

Ta ɗora fitilar a kan benci ta ce rana ce. Ta ɗauki wata filtar mai ta ce duniya ce, ta karkatar da ita kamar tulun da aka jingina, ta fara zagaya fitilar da ita.

"Ka ga, duniya ba a miƙe take ba, a karkace take tafiya. Rabin shekara ɓangarenmu na arewa yana sunkuyo wa rana, rabin shekara yana kauce mata. Masana falaki wannan sunkuyon suke kallo. Ranar da ya kai maƙura, yini ya fi na kowace rana tsawo, ita ce farkon bazara a wurinsu. Wata shekarar ta faɗo ashirin ga Yuni, wata shekarar ashirin da ɗaya, saboda zagayen ba ya ƙarewa cif, akwai kusan rubu'in yini da yake raguwa duk shekara. Shi ne ake tarawa a ƙara wa Fabrairu kwana."

"To ku fa?"

"Mu aikinmu kwatanta zafin bana da na bara da na shekarun baya. Ranar da take tsalle ba za ta yi mana ba. Sai aka raba shekara huɗu, wata uku-uku, kowanne ya fara ɗaya ga wata. Yuni da Yuli da Agusta su ne suka fi zafi a arewacin duniya, aka ce su ne bazara. Su rana suke kallo, mu ma'aunin zafi."

Baba Mumuni ya matso yana goge wuya da tsumma. "Hajiya, to me ya sa bayan dogon yinin nan zafi ba ya raguwa, ƙaruwa yake?"

"Baba, in ka ɗora tukunya, ai ba lokacin da wuta ta fi ci ruwa yake tafasa ba, sai ya ɗau lokaci. Ƙasa da teku haka suke, a hankali suke shan zafi, a hankali suke sakinsa. Kuma ka sani, duka lissafin biyu an yanka su ne daidai ƙasashen da suke da yanayi huɗu. Mu a gida ai bazararmu kafin damina take. Nan kuwa zafi ba ya jiran Yuni, ba ya tafiya a Agusta. Tsofaffin Larabawan nan ma wani tauraro suke jira, Suhail, wajen ƙarshen Agusta, sannan su fara sa ran sauƙi."

"A Kumasi ruwa sau biyu yake zuwa," in ji Baba. "Ba wanda ya tambayi waya."

Ni kuma na tuna kakana a ƙauye, yadda yake ƙirga taurarin damina kafin ya kai iri gona, amma duk da haka sai ya tona ƙasa ya ji danshinta.

Hajiya ta tambayi abin da ya kawo gardamar. Na nuna mata na'urorin da suke cikin leda, na nuna mata ɗakin gilashin. Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta daɗe tana kallon ma'aikatan nan, rigunansu sun manne a jiki, leɓunansu sun yi fari.

"Babu masanin da ya yi lissafin nan don a hana mutum iska," ta ce. "Amma tunda na falaki ya zaɓa, ku riƙe shi a kai. Tasu bazarar ba ta ƙarewa sai wajen ashirin da uku ga Satumba, ranar da dare da yini suke daidaita."

Ta karɓi kwamfuresarta ta tafi. Dab da magariba sai ga motar ta dawo, ta sauke mana kula cike da zoɓo mai ƙanƙara da ƙosai da kunun gyaɗa, har 'yan Bangaladash suka samu. Tun da na bar gida ban sha abin da ya kai mini har zuciya kamar kunun nan ba. Ta bar mini lambarta, ta ce in wani abu ya taso in kira.

Aka yi Sallah, muka ci gaba da gasuwa. Ranar ashirin da ɗaya ga Yuni Mudir ya fito da kansa ya sa aka yaye ledar, yana cewa mu shaida shi mai cika alkawari ne. Rabin na'urorin ba sa tashi. Waɗanda suka tashi suka fara huro iska mai warin ruɓaɓɓen ruwa, sai da muka kwance su muka wanke. Duk da haka mun gode Allah. Aka sauya lokacin aiki, muna hutun tsakar rana a masauki. Da haka muka ratsa Yuli da Agusta.

Wanda bai zauna a Dubai ba yana ɗauka Satumba sauƙi ne. A lokacin ne teku take amayo abin da ta sha. Iska ta yi nauyi kamar tururin tukunyar dambu, ka fito daga wanka ka rasa bambancin ruwa da gumi, gumin kuma ba ya bushewa balle ya sanyaya ka.

Ranar ɗaya ga Satumba muka iso da asuba muka tarar an mayar da na'urorin ƙurya, an lulluɓe su. A waje kwantenoni ne a jere, wai akwai jirgin ruwan da ba a so ya tashi babu kayanmu. Aka ce daga yau an koma tsohon lokaci, safe zuwa yamma, ba tashi. Ban jira an tura ni ba.

"Ranka ya daɗe, kai ka ce da lissafin falaki kake aiki. A lissafin falaki da sauran makonni."

Ya jingina da kujera yana jan carbi. "Hafizu, ba kai ne ka tsaya a nan a watan Yuni kana ce mini masana yanayi, masana yanayi ba? To na je na bincika, na ga kana da gaskiya. Ɗan Adam ajizi ne, na karɓi gyara. Tasu bazarar jiya ta ƙare. Khalas, shi ke nan."

Ya yi dariya, irin ta wanda ya ci wasan dara. Da cutar kawai ya yi ya yi shiru, da na fi iya haɗiyewa. Jin daɗin da yake yi da wayonsa ne ya fi tayar mini da zuciya.

Na ce masa ai dokar ƙasar ta hana aikin tsakar rana har tsakiyar Satumba.

"Ga masu aiki a cikin rana," ya ce. "Ku a inuwa kuke."

Ya sa aka riƙa jawo kwantena da baya har bakinta ya haɗe da ƙofar sito. Gangar jikinta tana cikin rana tana dahuwa, amma mai shiga cikinta bai taka rana ba. Ƙofar da iska take ɗan shigowa ma ta toshe.

Ba a rufa mako ba. Bayan azahar ne, ina turo wa Baba wani giyabos a kan baro, na ji yana magana a can ƙuryar kwantenar da yaren Asante na can Kumasi, shi kaɗai. Na shiga. Zafin ciki ya buge ni kamar an buɗe tanda. Yana tsaye ya dafa inji, idanunsa a buɗe amma ba ni yake kallo ba.

"Mariyama," ya ce mini, "rufe taga, ruwa yana shigowa."

Na kama hannunsa. Babu ɗigon gumi a jikinsa, fatar ta bushe ƙamas, tana ƙuna. Kafin in yi ihu ya sulale.

Muka ciccibo shi waje. Lala direba ya kwance mayafin wuyansa ya jiƙa, yana zuba masa ruwa a kai da ƙirji. Na ruga ɗakin gilashin, don nan ne kaɗai wuri mai sanyi a duk siton.

"Ranka ya daɗe, Baba ya faɗi! Bari mu shigo da shi nan."

Ya leƙo, ya dubi Baba a kwance, kayan aikinsa sharkaf da baƙin mai. Sannan ya dubi kafet ɗinsa. Wallahi na ga idonsa ya sauka a kan kafet ɗin.

"A'a, a'a, ku bar shi nan, iska ta fi yawa a waje. Ku saurara. Ku cire masa rigar aikin nan, ku sa shi a bayan mota ku kai shi masauki. Daga can sai a kira asibiti, a ce a ɗaki ya faɗi."

Lala ba ya jin Hausa, amma ya gane. Ya tofar da yawu a ƙasa, ya sunkuci Baba shi kaɗai kamar yaro, ya kai shi gaban tirelarsa, ya tayar da inji ya ƙure esi. Ni kuma na ciro waya.

"In ka kira motar asibiti nan," in ji Mudir a hankali, "ka kira wa kanka jirgin gida."

Na kira.

Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, Allah ya saka musu. Baba ya farfaɗo, amma zafin ya riga ya taɓa ƙodarsa, aka ɗora shi a kan injin wankin ƙoda. Na kira Hajiya Ruƙayya, ta zo daga wurin aiki ko gida ba ta biya ba. Ita ta riƙa fassara mana bayanin likita, ita ta raka ni ofishin ƙwadago na faɗi abin da na gani, Lala ma ya ba da shaida. Ranar da masu bincike suka je siton, an ce sun tarar da na'urorin duka a kunne, har da waɗanda ba su taɓa tashi ba. Duk da haka an ci kamfanin tara, an ɗora musu nauyin asibitin, an sa sun ba ni fasfona. Aikina ya tafi. Mudir kuwa yana nan a kujerarsa.

Wata Juma'a ina zaune a gefen gadon Baba sai ga shi ya shigo da kwalin dabino da wasu mutum biyu. Ya dafa goshin Baba yana addu'a da ƙarfi, ɗaya daga cikin mutanen yana ɗaukar hoto. Baba ya juya fuskarsa bango har suka fita. Kafin la'asar hoton ya shiga zauren wayar Hausawan Dubai, mutane suna ta sa albarka, wai ga shugaba mai tausayin na ƙasa da shi.

Bayan kwana kaɗan wasu manya daga cikin 'yan kasuwarmu suka kira ni gefe a Sabkha. Na ɗauka jaje za su yi mini.

"Kai yanzu ɗan'uwanka Bahaushe za ka kai ƙara gaban Larabawa?" in ji babbansu. "A kan mutumin Gana? Ka tona mana asiri a ƙasar mutane. Da ka zo mun sasanta a cikin gida."

Na dube su ɗaya bayan ɗaya, da hulunansu masu tsada da zobban azurfa. Babu wanda ya tambayi jikin Baba. Na ce su yi haƙuri ina da uzuri, na tashi na bar musu shayin da suka zuba mini ban taɓa ba.

Da sanyi ya shigo aka sallami Baba zuwa gida. A keken marasa lafiya na tura shi har inda aka tsayar da masu rakiya. Mutumin da yake juya inji shi kaɗai, yanzu ƙafafunsa sun kumbura, wuyansa ya zama kamar na kaza. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

"Medaase," ya ce, wato na gode da yarensu na can. "Bakano, ka yi abin da ya kawo ka, ka tafi. Kada ka tsufa a nan."

Bai kai azumi na gaba ba. Mariyama ce ta kira ni da kanta, ta ce ya bar wasiyya a sanar da ni.

Hajiya ta samo mini aiki a wani shagon kargo a Murshid Bazaar, ina ɗaure kwalaye ina rubuta sunayen masu kaya. Aikin ba shi da daɗi, amma akwai fanka, kuma fasfona yana aljihuna. Wata rana da hantsi ina tsakiyar naɗe wani kwali da salatif, ƙanina Sadiƙu ya kira daga Kano, muryarsa har rawa take don murna. Ya ce wani Alhaji Mansur ya zo Ƙofar Ruwa daga Dubai yana neman matasan da suka san inji, an ce na taɓa aiki a wurinsa.

Na ajiye salatif ɗin, na fita bakin shago, na zauna a kan wani buhu. Na ba shi labarin nan kamar yadda na ba ku, ban rage komai ba. Na gaya masa yadda fatar Baba take a hannuna ranar da ya faɗi. Na gaya masa inda aka binne shi. Sadiƙu ya saurara tsaf, yana ta "innalillahi," yana "kai, Allah ya isa."

"Allah ya ji ƙansa," ya ce. "To Yaya, lambar Alhajin fa? Kana da ita?"

Na kashe wayar. Wata bai cika ba Inna ta gaya mini ya samu lambar a wurin wani.